Tsatsa a tsofaffin kayan ɗurin bindiga: wace hanyar gyara ta dace da naka?

A gidajen maharba da na dakarun fada masu buga bindiga ranar hawa, a Katsina da Daura, ba a rasa tsohon burgami ko akwatin ƙarfe da aka gada, cike da kayan da yaran yanzu ba su san amfaninsu ba: ƙahon albarushi, ma'aunin tagulla, mazubin dalma, sandar ɗuri, wani lokaci har da 'yan na'urorin Turawa na cika harsashi. Wanda ya gaji irin waɗannan kaya, ko ya fara tara su don sha'awa, abin da ke damunsa shi ne yadda zai raba su da tsatsa ba tare da ya lalata su ba. Shawarwari kuwa sun yi yawa. Wani ya ce a jiƙa a ruwan khal, wani ya ce a kai wa mai walda ya gurza, wani ya ga bidiyon bokiti da cajar batir. Dukkansu suna cire tsatsa. Inda suka bambanta shi ne abin da kowace hanya ke kwashewa tare da tsatsar, domin abin da aka kankare daga jikin ƙarfe mai shekara ɗari ba ya dawowa.

Ka fara sanin abin da ke hannunka

Kayan sun kasu gida biyu. Akwai ƙirar maƙeranmu, baƙin ƙarfe ne da aka daka, sai ƙaho da fata da itace, kuma su ne suka fi yawa a nan. Akwai kuma na masana'antun waje. Na Ingila sun fi saurin faɗowa hannu: gorar albarushi ta jan ƙarfe ko tagulla mai tambarin James Dixon & Sons ko G. & J.W. Hawksley, dukansu na birnin Sheffield, da ɗan injin hannu da ake ɗaurewa a bakin tebur don naɗe bakin kwanson takarda na bindigar farauta. Na Amurka ba su cika yawa ba, amma ana cin karo da su. Shahararrunsu su ne masu kamar awartaki na kamfanin Ideal, wanda John H. Barlow ya kafa a 1884 kuma Lyman ya saye a 1925, da na Winchester masu ɗauke da shekarun ƙira irin 1882 da 1894.

Amfanin wannan rarrabewa shi ne fuskar ƙarfen. Yawancin na Ideal an yi musu rufin nikel mai ƙyalli. Na Winchester galibi baƙin shuɗin masana'anta gare su, wato siririn rufi mai duhu da ake yi wa fuskar ƙarfe. Gorunan Sheffield an shafe su da siririn fanis mai launin ƙasa-ƙasa, kuma ɓari biyu ne aka haɗa da dalmar liƙi. Sunan kamfani, ranar rajistar ƙira, lambar girman harsashi da ma'aunin da ke jikin bakin gora, duk buga su aka yi sama-sama, zurfinsu bai kai kaurin farce ba. Waɗannan su ne darajar kayan a wurin masu tarawa. A sa mayen ƙarfe a gwada kowane sashe: inda ya kama, ƙarfe ne, inda bai kama ba, tagulla ce ko jan ƙarfe ko dalma, kuma hukuncinsu daban.

Abin da ya wajaba kafin kowace hanya

Albarushi ba ya mutuwa don tsufa. Wanda ya kwana shekara ɗari a cikin ƙaho, muddin a bushe yake, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Kada a leƙa cikin gora da ashana, kada a soka mata waya ko ƙusa, kada a kusantar da ita murhu ko wurin walda. A girgiza a hankali a saurara. In akwai saura, a zazzage shi cikin bokitin ruwa mai yawa a waje, a dama har ya narke. In aka samu tsohon harsashi da ba a harba ba, ko gwangwanin 'yan ƙananan hulunan da ke tayar da wuta, ba abin gogewa ba ne, ba kuma abin ajiye wa yara ba ne. Na da can ana yin su da sinadarin makuri da kuloret, kuma tsufa ba ya sa a amince da su. A sanar da 'yan sanda su karɓa.

Sai dalma. Farin garin da ke fitowa a jikin tsoffin ƙwayoyin dalma da bakin mazubi guba ne, kuma yara ne ya fi yi wa illa. Ba mu manta da Zamfara a 2010 ba, inda ƙurar dalma daga aikin zinariya a cikin gidaje ta kashe yara wajen 400. Don haka ba a gurza dalma a bushe, ba a hura ta da baki, ba a yin aikin a tsakar gida inda ake shanya tsaba ko yara ke rarrafe. A sa safar hannu ta roba, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, a ƙulle tsumman a leda. Kwano ko bokitin da ya shiga wannan aiki ya bar kicin ke nan.

Batun doka ma a bayyane yake. Dokar makamai ta 1959 ta hana ƙera ko harhaɗa harsashi ba da izini ba, kuma tsufan na'ura bai canza wannan ba. Ko ba don doka ba, ma'aunan da ke jikin waɗannan kaya an yi su ne don baƙin albarushi na da, ba su da alaƙa da garin harsashin zamani, kuma haɗa su yana fasa bindiga a hannun mai ita. Gyaran da ake magana a nan na adanawa ne da nunawa da koyar da na baya. Da halin tsaron da jiharmu ke ciki, ba hikima ba ce mutum ya zuba irin waɗannan kaya a but ɗin mota ya bi shingayen bincike ba tare da wata shaida ba. Akwai kuma dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa: aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 yana cikin kayan tarihi, ba a sayar da shi ga wanda ba wakilin da hukumar ta amince da shi ba, ba a kuma fita da shi ƙasar waje sai da takarda.

Mataki na ƙarshe na share fage shi ne wanda aka fi tsallakewa. Ragowar ƙonannen albarushi da na tsoffin huluna gishiri ne mai jan danshi, kuma mai ba ya narkar da shi, ruwa ne kaɗai ke yi. In aka shafa mai a kansa, tsatsa za ta ci gaba da aikinta a ƙarƙashi. A ɗauki hoton kayan ta kowane ɓangare, a kwance abin da ke kwantuwa, a wanke sassan ƙarfe da ruwan zafi da ɗan sabulun wanke-wanke, a ɗauraye da ruwan sama ko tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, a shanya a rana har ƙarfen ya yi zafi. Ƙaho da itace da fata ba sa shiga ruwa.

Ma'aunan zaɓi

Abu biyar za a duba. Kuɗin da za a kashe da sauƙin samun kayan aiki a kasuwanninmu. Lokaci da ƙwarewar da hanyar ke nema. Abin da take ci daga jikin kayan, wato rubutu da rufi da launin tsufa. Haɗarinta ga mai aikin da iyalinsa. Sai ɗorewa: shin abin zai tsallake damina, daga Yuni zuwa Satumba, ba tare da ja ya sake bayyana ba? A cikin biyar ɗin, na uku ne ya fi nauyi a ganinmu, domin sauran huɗun duk ana iya gyara kuskurensu.

Hanya ta ɗaya: hannu da kananzir

A jiƙa sassan ƙarfe a kananzir cikin gwangwani mai murfi, kwana ɗaya zuwa uku. A fito da su a bi da buroshin tagulla mai laushi, lunguna kuma da tsinken itace ko na gora. Inda tsatsa ta yi ƙullutu, a kankare da gefen ɗan guntun jan ƙarfe da aka daddale, domin bai kai ƙarfen tauri ba. A gama da soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, a jiƙe da man keken ɗinki. Soson wanke tukunya ba ya maye gurbinsa, zane zai bari.

Kuɗinta kaɗan ne, komai yana samuwa in ban da soson 0000 da sai an nema a shagunan kayan fenti ko na kafinta. Tana cin lokaci, kuma ba ta fitar da tsatsar da ta yi rami mai zurfi. Amma ita kaɗai ce ke barin baƙin shuɗin masana'anta da rufin nikel da launin tsufa a inda suke, kuma kowane lokaci mutum yana ganin abin da hannunsa ke yi, ya tsaya in ya ga dama. Kurakuranta biyu ne. Na farko, tilasta sukurun da ya ƙi juyawa. Tsagar kan tsofaffin sukurori siririya ce, sukundireban kasuwa ba ya zama daram, sai ya zame ya yage ta. A wasa bakin sukundireba har ya cika tsagar, a ɗiga mai, a ɗan ƙwanƙwasa, a bar shi ya kwana, a fara da ɗan matsewa kafin kwancewa. Na biyu, shiga cikin ramin mazubi da wani abu na ƙarfe. Kaifin leɓen ramin shi ne mazubin. Tsinken itace da auduga kaɗai ke shiga wurin.

Hanya ta biyu: ruwan tsami

Ruwan khal na kanti yana da tsami wajen kashi 5 cikin ɗari, a gauraya shi da ruwa rabi da rabi. Garin sitirik da masu haɗa lemo ke saye ya fi shi tsabtar aiki: giram 30 zuwa 50 a lita ɗaya ta ruwan ɗumi. Jiƙon tsamiya ma yana yi, sai dai ba a iya sanin ƙarfinsa. A nutsar da ƙarfen gaba ɗaya, domin duk inda ya leƙo sama da ruwa sai an ga layi ya fito a wurin, layin da ba ya gogewa. A duba duk rabin awa, a goge baƙin da ya taso, a mayar. In tsatsa ta tafi, a ɗauraye, a tsoma minti goma a ruwan bekin soda, babban cokali ɗaya a lita, a sake ɗaurayewa, a busar nan take, a shafa mai. Jinkirin minti goma ya isa a ga ja ya sake rufe shi.

Ita ce mafi araha kuma mafi sauƙin farawa, shi ya sa ta fi kowace lalata kaya. Tsami bai san inda tsatsa ta ƙare ƙarfe ya fara ba. Wanda ya jiƙa da magariba ya ce sai da safe, zai tarar da ƙarfe ya yi toka-toka, fuskarsa ta yi kaushi, rubutun ya dushe. Baƙin shuɗi yana tafiya cikin mintuna. Tsamin yana kutsawa ƙarƙashin nikel ta inda ya tsage ya ɗaga shi. Sifirin yana iya yin gautsi ya karye daga baya, saboda iskar haidurojin da ke shiga taurararren ƙarfe. Tagulla kuwa haɗin jan ƙarfe ne da zinki, tsami yana tsotse zinkin ya bar ta da jajayen tabo. Mafi muni, ruwan khal yana narkar da dalma ya mai da ita guba mai bin ruwa, don haka mazubin da ke da ragowar dalma ko gora mai liƙi ba sa shiga wannan ruwa ko kusa.

Hanya ta uku: bokiti da lantarki

Wannan tana bukatar bayani dalla-dalla, domin kuskurenta a wurin haɗawa yake. Ana bukatar bokitin roba, cajar batir mai bolt 12 da ke ba da amfiya 2 zuwa 6, guntayen rodi uku ko huɗu, waya, da sodar wanki, babban cokali ɗaya zuwa biyu a lita huɗu na ruwa. Ba sodar yin sabulu ake nufi ba, wannan tana ƙona fata. In ba a samu sodar wanki ba, a gasa bekin soda a busasshiyar tukunya ko tanda mai zafin digiri 200 na awa ɗaya, ita ce ke komawa sodar wanki. Kanwa ma danginta ce, amma takan zo da gishiri a cikinta, gishiri kuwa shi ne abokin gabar ƙarfe, kuma a cikin wannan bokiti yana iya tayar da iskar kulorin. Gara a bar ta.

A jera rodin a kewayen bokiti, a haɗa su da waya ɗaya, a maƙala musu jan baki na caja. A rataye kayan a tsakiya da waya daga sandar da aka gitta, a maƙala masa baƙin baki. Kada su taɓa juna. In aka juya wayoyin, kayan tarihin ne zai narke maimakon rodin, kuma ba a ganewa sai ɓarna ta auku. Alamar daidai ita ce ƙananan kumfa suna tashi daga jikin kayan cikin minti ɗaya ko biyu. Daga awa uku zuwa kwana guda, jar tsatsa za ta koma baƙin laka mai fita da buroshi. Aikin yana bin inda ke fuskantar rodi ne, don haka a riƙa juya kayan. Cajojin zamani masu kwakwalwa sukan ƙi tashi in ba su ji batir ba. A haɗa tsohon batirin mota a tsakani. Inda wuta ba ta zama, ƙaramin faifan sola yana yin aikin, sai dai ya tsaya da faɗuwar rana.

Kada a yi amfani da cokali ko kwanon silba marar tsatsa a madadin rodi, yana sakin gubar kuromiyam a ruwa. Kumfan da ke tashi haidurojin ne mai kamawa da wuta, don haka a waje ake yi, nesa da murhu da sigari, kuma a kashe caja kafin a taɓa wayoyi.

Kyawunta shi ne ba ta cin lafiyayyen ƙarfe, ko an manta an bar shi ya wuce lokaci, kuma tana taimakawa wajen fitar da gishirin da ya shige ramuka. Rubutun da tsatsa ta binne yakan fito tsaf. Amma tana cire fenti da baƙin shuɗi, tana ɓare nikel ɗin da ya riga ya saki, kuma sifirin sai an cire shi tukuna. Ba ta dace da tagulla ko dalma ko abin da ke da mariƙin itacen da ba ya fita ba. Ƙarfen yana fitowa tsirara, yana neman mai cikin gaggawa kamar na tsami.

Hanya ta huɗu: ruwan kanti marar tsami

Akwai ruwan cire tsatsa irin su Evapo-Rust, wanda ba asid ba ne, yana kama tsatsar ne kaɗai ya narkar da ita. A wanke maiƙo, a nutsar, a duba bayan awa biyu, a bari har kwana in da bukata. Ba ya ƙona hannu, ba ya wari, ana sake amfani da shi har ya yi baƙi ƙirin. Tsada ne da shi, kuma sai an yi odarsa ta intanet ko an sa a nemo a Kano ko Legas. Abin da mutane ba su sani ba shi ne shi ma yana wanke baƙin shuɗi tas, domin shuɗin kansa wani nau'in tsatsa ne da masana'anta ta yi da gangan. Mai ƙaramin ƙarfi yana iya samun kusan irin wannan aiki da molasis, baƙin ruwan raken da masu kiwo ke sa wa shanu a abinci: kashi ɗaya cikin tara na ruwa, mako biyu zuwa huɗu, a bokiti mai murfi can bayan gida saboda tsamin warinsa.

Hanya ta biyar: mai da tsatsa baƙi

Maimakon a cire tsatsa duka, ana iya kashe ta a inda take. Masu adana kayan tarihi suna shafa sinadarin tanin, kashi 2.5 zuwa 10 cikin ɗari, ya haɗu da tsatsa ya zama baƙin rufi mai kama jiki. Sinadarin nan shi ne ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita, kuma haɗuwar tasa da ƙarfe ita ce ke ba dukawa baƙin rini a fata. A daka 'ya'yan bagaruwa a cire ƙwallayen, a jiƙa a ruwan zafi, a tace da ƙyalle sau biyu, a bar shi ya kwanta. A fara kankare tsatsar da ke ɓarewa, a wanke maiƙo da sifirit, sannan a shafa siriri da tsohon buroshin haƙori ana cuɗawa. In ya bushe a goge, a ƙara shafi biyu ko uku. Shafi mai kauri ɓarewa yake yi. Tun da ƙarfin jiƙon bagaruwa ba ɗaya ba ne kullum, a gwada a jikin tsohuwar ƙusa tukuna.

Kusan kyauta ce, ba ta da haɗari, kuma in an bi ta da kaki tana jure damina fiye da sauran. Ga ƙirar maƙeranmu, wadda dama baƙa ta fito daga maƙera, babu wadda ta fi ta dacewa. Aibinta shi ne tana canza launi gaba ɗaya, tana kuma ɓata itace da fata da ƙaho in ta ɗiga. Ba a kai ta kan nikel ko ƙarfen da asalinsa fari ne. 'Yar'uwarta ta kanti, mai asid ɗin fosforik da masu gyaran jikin mota ke amfani da ita, tana barin toka-tokan rufi mai wuyar cirewa. Ta dace da ƙofa da mota, ba kayan gado ba.

Hanya ta shida: injin gurza, samfefa da wuta

Minti biyar a wurin mai walda, kaya ya fito yana walƙiya, rubutu ya tafi, kusurwoyi sun zama kumbo, ƙurar dalma ta tashi a iska. Sa shi a wutar maƙera kuma yana kashe taurin ƙarfe, ya narkar da liƙin gora, in da ragowar albarushi a ciki kuwa abin ya wuce ɓarnar kaya. Ba mu ga kayan da wannan hanya ta dace da shi ba.

| Hanya | Kuɗi | Lokaci | Sauƙi | Abin da take lalatawa | Haɗari ga mutum | Jure damina |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Hannu da kananzir | Kaɗan | Kwana 2 zuwa mako | Sai haƙuri | Kusan babu | Gobara in an yi sakaci | Sai ana sabunta mai |
| Ruwan tsami | Kaɗan ƙwarai | Awa 1 zuwa 6 | Sauƙin farawa, sauƙin ɓatawa | Shuɗi, nikel, rubutu, tagulla, sifirin | Guba in da dalma | Rauni sai an rufe da kaki |
| Lantarki | Matsakaici | Awa 3 zuwa kwana | Sai an iya haɗawa | Shuɗi, fenti, sakakken nikel | Iska mai kamawa da wuta | Mai kyau in an rufe |
| Ruwan kanti | Mai yawa | Awa 2 zuwa kwana | Mafi sauƙi | Shuɗi | Kaɗan | Sai an rufe |
| Molasis | Kaɗan | Mako 2 zuwa 4 | Sauƙi | Shuɗi | Kaɗan | Sai an rufe |
| Bagaruwa ko tanin | Kusan kyauta | Kwana 2 zuwa 3 | Sauƙi | Asalin launi | Kaɗan | Mafi kyau |
| Gurza ko wuta | Kaɗan | Mintuna | Sauƙi | Komai | Ƙurar dalma, fashewa | Rauni |

Tagulla, ƙaho da fata

Babu ɗaya daga cikin hanyoyin nan da aka yi don su. Gorar tagulla ko jan ƙarfe ba ta bukatar fiye da auduga mai ɗan danshin ruwan sabulu, a busar, a shafa kaki. Koren dattin da ke taruwa inda tagulla ta haɗu da fata, maiƙon fatar ne ya ci ƙarfen; a ɗebe shi da tsinke da ɗan sifirit. A guji man goge tagulla na gwangwani: yana cinye fanis ɗin asali, kuma yawancinsa da ammoniya. Ammoniya tana tsaga siririyar tagulla. Sojojin Ingila a Indiya sun sha ganin kwanson harsashinsu yana tsagewa da damina, sai a 1921 aka tabbatar cewa tururin fitsarin dawaki ne a bargar da ake ajiye su. A garuruwan da ake ɗaure doki a cikin gida kamar namu, wannan gargaɗi ne kai tsaye: kada a ajiye kayan tagulla a ɗakin da ke jikin barga ko turken awaki, ko inda aka jibge buhunan takin zamani.

Ƙaho da mariƙin itace hunturu ne ke tsaga su, ba damina ba. A nisanta su da rana da saman kwanon rufi, a shafa musu siririn kaki kafin sanyi ya shigo. In aka ga ƙananan ramuka da gari a ƙasan ƙaho, ƙwari ne; a ƙulle shi a leda biyu a sa a firiza mai daskarewa sosai na mako guda, a bar shi ya huce a cikin ledar kafin a buɗe.

Abin rufewa ma zaɓi ne. Mafi kyau shi ne kakin da ake samu daga man fetur, irin Renaissance Wax da aka haɗa a ɗakin binciken gidan tarihin Birtaniya a shekarun 1950. In babu, man keken ɗinki ko siririn basilin sun wadatar ga ƙarfe, sai dai suna kama ƙurar hunturu, a riƙa gogewa ana sabuntawa farkon damina da ƙarshenta. Kakin zuma yana yi wa baƙin ƙarfe da itace, amma a nisanta shi da tagulla da dalma. Man gyaɗa, man shanu da manja suna tsami su yi danƙo. Baƙin man inji kuwa datti ne kawai. A ajiye ƙarfe daban da fata, a akwatin roba ko na ƙarfe tare da 'yan ƙunshin silika masu shan danshi, ba a akwatin filawud ba, domin tururin gam ɗinsa yana cin dalma.

Wace ta dace da wa

Mai na'urar waje da har yanzu ana karanta tambarinta, ko da sauran shuɗi ko nikel a jikinta, ya tsaya a hannu da kananzir, ya kuma yarda da ɗan duhun da zai rage. Masu tarawa sun fi daraja shi a haka fiye da wanda aka goge.

Mai mazubi ko awartaki ko sandar ɗuri ƙirar gida, da tsatsa ba ta yi zurfi ba, ya kankare da hannu ya bi da bagaruwa da kaki.

Wanda nasa ya daskare ya zama dunƙule, gaɓoɓinsa ba sa motsi, babu sauran rufin da za a ceta, lantarki ne nasa, bayan ya cire sifirin da itace. In ba ya son harkar wayoyi kuma abin ƙarami ne, ya sayi ruwan kanti. In kayan da yawa kuma ba ya gaggawa, molasis.

Ruwan tsami a bar shi ga sukurori da ƙusoshi da sassan da ba su da rubutu, kuma mutum yana zaune a gabansu da agogo.

Wanda ya ga ɗigon ja mai danshi yana fitowa a jikin ƙarfe duk damina ko bayan ya shafa mai, gishiri ne a ciki. Ya wanke man da sifirit, ya jiƙa ƙarfen a tataccen ruwa mai ɗan sodar wanki, yana canzawa duk bayan kwana biyu har mako biyu ko uku, kafin ya zaɓi wata hanya.

Wanda kuwa kayansa ke da nasaba da fada, ko da wani sanannen yaƙi, ko ƙirar gida ce da yake zaton ta girmi 1918, kada ya jiƙa su a komai. Ya share ƙura da busasshen buroshi mai laushi, ya rubuta sunan mai su na asali da garinsu da duk abin da dattawan gidan suka sani, ya ɗauki hotuna, ya kai hotunan gidan tarihi na ƙasa da ke ginin tsohuwar Kwalejin Katsina ya nemi ma'aikatan su duba.